Zoben baikona ya dushe, da me zan wanke shi a gida?

Amaryar Gobe: Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. An sa min rana bayan babbar sallah, kuma ranar da suka kawo kuɗin sa rana aka haɗo min da zobe, gwal ne mai dutse ɗaya babba a tsakiya da ƙanana ƙanana a gefe, yayar angon ce ta siyo a Dubai. Da aka kawo shi in haske ya bugi dutsen har ɗaukar ido yake, yanzu kuwa ya yi wani dishi dishi kamar gilashin da aka shafa wa mai, kuma in na cire sai in ga wani baƙi baƙi a yatsana daidai inda yake zama. Ni dai ba na rabuwa da shi, girki da wanke wanke da wanki duk yana hannuna saboda tsoron kar ya ɓata. Ƙawata ta ce in dirje shi da makilin, ƙanwar mamana ta ce in jiƙa shi a ruwan Hypo ya kwana, wata kuma ta ce lemon tsami da toka. Ban yi ko ɗaya ba tukuna, na ce bari in tambayi manya. Ba na so dangin miji su zo su ga zobe ya koɗe tun kafin biki.

Maman Hanif: Hypo kuma?? Innalillahi. Kar ki soma wlh. Bari masu gwal su zo su miki bayani amma wannan kam ko kusa.

Hajiya Mai Gwal: Wa alaikumus salam ƴata, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin. Kafin ki sa masa komai ki cire ki duba cikinsa a wajen haske, in idonki bai gani ba ki ɗauki hoto da waya ki buɗa, za ki ga wasu ƴan lambobi. In kin ga 750 to gwal ne mai karat 18, 875 shi ne 21, 916 shi ne 22, 585 kuma 14. In 925 ne to azurfa ce ko da kuwa kalarsa ta gwal ce, wanka aka yi mata. In kin ga GP ko babu lamba gaba ɗaya to a bi a hankali, ƙila ruwan gwal ne kawai a sama. Ki faɗa min abin da kika gani dan ba wanki ɗaya ake musu ba.

Amaryar Gobe: Hajiya na duba, 750 ne da wani ɗan tambari a gefensa.

Hajiya Mai Gwal: Madalla, 18 ne, dama yawancin zobe mai dutse da shi ake yi saboda 22 ya cika laushi, ba ya riƙe dutse da kyau. Ma'anar 750 ɗin, in an raba shi huɗu kashi uku gwal ne, ɗayan kuma tagulla da azurfa da makamantansu da aka gauraya dan ya yi ƙarfi. To nan ne matsalar Hypo take, shi gwal ɗin ba ya jin komai amma sinadarin kulorin ɗin da ke cikin Hypo yana cin waɗancan ƙarafan da aka gauraya, ba za ki gani da ido ranar ba, sai ƴan haƙoran nan da suka riƙe dutsen su yi rauni, wata rana kina cikin hidima ɗaya ya ɓalle dutse ya faɗi ba ki ma sani ba. Har wanki in da Hypo a ruwan ki cire zoben.

Dishi dishin da kike gani kuwa ba lalacewa ba ce, maiƙo ne. Daimon yana son maiƙo sosai, man shafawa da basilin da manja da sabulun wanka duk suna taruwa a bayan dutsen ta ƙasa, sai ƙura ta manne a kai, haske ya kasa shiga ya fito. Mutane suna ta goge saman dutsen alhali dattin yana ƙarƙashi.

Ki samu ƙaramar roba ki zuba ruwa mai ɗumi, ɗumin da za ki iya sa hannu ba tafasasshe ba, ki ɗiga sabulun wanke wanke na ruwa irin su Morning Fresh ɗigo biyu ko uku, ki jefa zoben ki ƙyale shi minti 20 zuwa 30. Sai ki ɗauko burushin haƙori na jarirai sabo mai laushi ki riƙa gogawa a hankali, ki juya zoben ki shiga ta bayan dutsen da tsakanin ƙananan nan. Ki ɗauraye a cikin wata robar da ruwa mai kyau, kar ki ɗauraye a bakin famfo ko kan makwarara, hannu da sabulu santsi gare shi. Ki tsane da tsumma mai laushi na auduga ko irin na goge tabarau. In bai fita duka ba ki sake jiƙawa, kar ki ƙara ƙarfin gugar. Sau ɗaya a sati ko sati biyu ya isa.

Ummu Khairat: Ni fa gsky da makilin nake wanke nawa tun ina amarya kuma yana fita tas, ban ga abin da ya same shi ba.

Yar Maƙera: Ummu Khairat yana fita kam, amma ki kai shi rana ki karkata shi ki duba jikin gwal ɗin, za ki ga ƴan zane zane sirara ko ina. Babana maƙerin fari ne, a gabansa na tashi, da an kawo zobe yake gane wanda aka saba dirza da makilin dan ƙyallinsa ya mutu ya koma wani fari fari. Makilin akwai gari mai kaushi a ciki da aka sa dan ya kankare haƙori, shi kuwa haƙori ya fi gwal tauri nesa ba kusa ba. Dutsen in daimon ne ba abin da zai same shi, gwal ɗin ne ke shan wahala. Toka ma haka, ga ta da yashi a ciki, ita da soson ƙarfe a bar wa gindin tukunya. In kuma farin gwal ne abin ya fi muni dan akwai wani siririn wanka na rodiyom, wani farin ƙarfe mai ƙyalli, da ake masa a sama, da kin dirje shi sai ya fara komawa ruwan ɗorawa, sai an kai an sake masa wankan da kuɗi.

Amarya ki kuma duba ƴan haƙoran da suka riƙe dutsen kafin ki sa burushi. Ki kai zoben kusa da kunnenki ki ɗan ƙwanƙwasa da farce, in kin ji dutsen yana ƙas ƙas to ya saki. In yana yawan kama miki mayafi ko leshi yana jan zare shi ma alama ce wani haƙori ya ɗaga. In haka ne ki aje wankin ki fara kai wa maƙeri ya matse.

Anty Nas: Ni maganar baƙin yatsa zan yi. Yawanci zufa ce da sabulun da ya maƙale a ƙasan zobe suke taɓa tagullar da ke ciki, ko hoda da kayan kwalliya in sun shiga tsakani suna gugar gwal ɗin ya bar baƙi a fata, ba wai zoben jabu ba ne. Ki riƙa cirewa ki busar da yatsan bayan kin taɓa ruwa. Amma ƙanwata ki ji wannan da kyau tunda lokacin gyaran jiki ya gabato, in za a haɗa miki man shafawa ki tambayi abin da ke ciki. Wasu mayukan bilicin akwai sinadarin makuri, wato zaiba, a cikinsu, shi kuma makuri da ya taɓa gwal yake shiga jikinsa, sai ki ga zobe ya yi fari fat ko toka toka, ba sabulun da zai fitar da shi, sai dai maƙeri. In kin ga man da ya canza wa gwal kala to ki jefar da man, dan abin da yake yi wa ƙoda ya fi na zoben.

Baban Yara Ne Admin: Ni dai tambaya nake, yaushe zoben baiko ya zama namu ne? Mu a zamaninmu goro da alawa da kuɗin sa rana ne kawai.

Maman Hanif: Admin an riga an ba ta, yanzu ta mayar ne? Kyauta ce, a bar yarinya ta wanke abinta.

Mai Dilka Ta Zariya Road: Amarya ranar da za ki fara dilka da halawa ki bar shi a gida kwata kwata. Kurkur da lalle suna shiga lungun dutse su bushe, fitar da su aiki ne, ita kuma halawa in ta kama shi sai ki ga ana ja da ƙarfi. Humra da turare ma ki fara shafawa su sha jiki kafin ki sa zoben, shi ne ƙarshen sakawa in za ki fita, shi ne farkon cirewa in kin dawo. Kwaɓin fulawa na cincin ko mitfai ma a cire, na sha ganin wanda fulawa ta bushe a ƙasan dutse ta zama kamar siminti.

Hajiya Mai Gwal: Tsoron ɓata da kika ce, gsky an fi yar da zobe a hannu fiye da a akwati, musamman da hunturu da yatsa ke ramewa ga basilin ga sabulu. Ki ware masa waje ɗaya tak, ƴar jakarsa ko akwatin da ya zo a ciki, duk sanda kika cire can zai tafi, ba kan tagar kicin ba, ba bakin rijiya wajen alwala ba, ba ƙullin bakin zani ba. Kuma kar ki cusa shi cikin sarƙoƙi da ƴan kunne, daimon yana karce duk abin da ya goga har da ɗan uwansa daimon. In za ki kai a wanke miki a kasuwa ki sa a ɗora a sikeli a gabanki kafin da bayan an gama, ki riƙe rasit ɗin Dubai ɗin dan nauyin yana rubuce a jiki, kuma ki tsaya a yi a kan idonki. Gugar inji tana ɗan cin gwal kaɗan kaɗan, ba abin yi duk wata ba ne, sau ɗaya a shekara ma ya wadatar. Masu yawo gida gida suna cewa a kawo gwal su wanke da wani ruwa kuwa, kar ki miƙa musu, akwai ruwan asid da ke narkar da gwal, zai dawo yana ƙyalli amma ya ragu.

Amaryar Gobe: Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Na ƙwanƙwasa ban ji motsi ba, yanzu haka yana cikin ruwan ɗumi. Lemon tsamin fa?

Yar Maƙera: Bar shi, ba maiƙo yake cirewa ba, kuma in akwai lu'ulu'un teku farin nan mai santsi a jikin abu tsami cinye shi yake. Sabulun ya ishe ki.

Ummu Khairat: To ni akwai na azurfa mai 925 da ya yi baƙi ƙirin a durowa, shi ma sabulun ne?

Yar Maƙera: Shi baƙinsa daban ne, iska ce da abubuwa irin su ƙwai da albasa da robar ɗaure kuɗi suke sa azurfa baƙi, sabulu ba zai cire ba. In zallar azurfa ce ba dutsen da aka manna da gam kuma ba wankan gwal a kai, ki shimfiɗa foyil a kwano, ki ɗora zoben ya taɓa foyil ɗin, ki zuba bekin soda cokali ɗaya, soda fa ba bekin foda na kek ba, sai ruwan zafi kofi ɗaya. Za ki ji ɗan wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ne ke barin zoben yana komawa jikin foyil. Minti biyar ki ciro da cokali ki ɗauraye ki goge, in za ki aje ki sa a ƴar leda mai zif ki matse iskar.