Gwaji yana nuna gudu, amma aiki ba ya tafiya

Mai Shagon Zoo Road:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan shago mai kwamfuta huɗu, muna cike fom da buga takardu. Da safe in na auna intanet a Speedtest sai in ga gudunsa Mbps 30. Amma jiya bayan Magariba wata baiwar Allah ta zo da 'yarta daga Sheka, sau uku muna kaiwa wajen ɗora hoto shafin na tsinkewa. Yarinyar na riƙe da fasfo ɗinta a leda, uwar na ta leƙen titi kada Adaidaita su ɗauke. Wallahi na ji kunya. Ta yaya zan gane layin da zan dogara da shi kafin in sake zuba kuɗi?

Ɗan Farm Centre:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, 30 ɗin nan ta saukarwa ce, kai kuwa ɗorawa kake yi, ita ce lamba ta biyu da Speedtest ke nunawa. Sannan ka buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta ping -n 100 8.8.8.8. Saƙo 100 zai aika, a ƙarshe ya faɗa maka nawa suka ɓata a hanya da tsawon jiran amsa. In 5 na ɓata, ko Mbps nawa ne za ka sha wahala. Kada ka yarda da gwajin safe kaɗai, bayan Magariba duk unguwa kan eriya ɗaya take. Safe, Azahar, dare, har mako guda, kana rubutawa a littafin bashi ma ya isa.

Maman Hanifa, mai POS a Kwari:
Ƙanena, ka riƙe layi biyu na kamfani daban-daban. Masu cewa layinsu na aiki kashi 99 cikin 100, lissafa: wata awa 720 ne, kashi ɗayan nan ya haura awa 7. In ya faɗo ranar ciniki fa? Ko da yake ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke, layukana biyun duk rarrafe suka yi.

Ɗan Farm Centre:
Na manta, taɓa rauta ɗin, wato na'urar da ke raba intanet, da hannu. In ta yi zafi ko ƙura ta toshe ta, sake mata wuri kusa da taga, ka jona kwamfutocin da ita ta kebul. In laifin kamfani ne kuma suka ƙi kula ka, kira 622 ta NCC, hukumar kula da sadarwa, kyauta ce.

Mai Shagon Zoo Road:
Allah ya saka da alheri. Na gwada yanzu ƙarfe 8, 9 sun ɓata cikin 100. Rautar kuwa a kan injin hoto take, zafi rau. Na sauke ta, gobe zan sake aunawa.