Me ya sa Letterman na Netflix ya yi sanyi haka?

Bintu_Z:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni kan shirin hirar da David Letterman yake gabatarwa a Netflix, My Next Guest Needs No Introduction. Na ga kan masu kallo ya rabu. Wasu na cewa shi ne aikinsa mafi nagarta, wasu kuma na cewa dattijon ya zama ɗan lallashi, sai yabon baƙo da gyaɗa kai. Tsufa ne ya kawo haka, ko tsarin shirin ne? Kuma wanda bai saba da shi ba, da wace hira ya kamata ya fara?

Malam_Habu:
Wa alaikumus salam, Malama Bintu. Tsarin ne, kafin a zo maganar shekaru.

Letterman ya yi shekara 33 yana shirin dare: a tashar NBC daga 1982 zuwa 1993, sannan a CBS daga 1993 har ya ajiye aiki ranar 20 ga Mayu, 2015. Shirin CBS awa ɗaya ne, amma idan an cire tallace-tallace abin da ya rage bai wuce minti 40 da 'yan kai ba. A cikin wannan za a cusa barkwancin buɗe shiri, da jerin abubuwa goma na barkwanci da ya saba karantawa, da kiɗan Paul Shaffer, shugaban makaɗan shirin, da baƙi biyu, wani lokaci har da mawaƙi a ƙarshe. Baƙo bai cika samun fiye da minti 10 ba. Kafin ya zo ma, wani ma'aikacin shirin ya riga ya yi magana da shi, an tsamo labari biyu ko uku masu ban dariya an rubuta wa mai gabatarwa a kati. Baƙon kuwa talla ya zo yi, ta fim ko ta littafi.

A irin wannan ƙunci, kaifin bakin Letterman shi ne makaminsa na fasa abin da aka shirya. Shi ya sa a 2007 da Paris Hilton ta zo tallan turarenta, ya ƙi sakin maganar zamanta a kurkuku har ranta ya ɓaci.

Shirin Netflix ya fara ranar 12 ga Janairu, 2018, da Barack Obama. Baƙo ɗaya ne tal, kujera biyu a kan dandamali, babu tebur a tsakani, babu makaɗa, babu hutun talla. Yawancin hirarrakin minti 45 ne zuwa awa ɗaya. Idan kana da awa guda da mutum, ka caka masa magana a minti na biyar, to ya tsuke baki ke nan, sauran minti 55 sai ka yi ta fama. Dole ka bi a sannu. Waɗanda ke kukan ya yi sanyi, yawancinsu tsohon shirin suke nema a cikin sabon.

Hajiya_Rabi:
Malam Habu, bayaninka ya yi, amma kada mu wanke shi tas. Masu ƙorafi suna da hujja aƙalla a wuri uku.

Na farko, haƙuri daban, ƙin tambaya daban. A hirar Obama, shekara ɗaya kacal da barinsa mulki, har suka tashi ba a ambaci sunan Trump a tsakaninsu ba. Duk wanda ya kunna shirin a lokacin abin da yake jira ke nan. Obama ma ya riƙa juya tambaya kan Letterman, shi kuma yana biye masa. Lokaci ya wadata, ba a dai yi tambayar ba.

Na biyu shi ne yanke hira a tafi waje. Ana cikin zance sai a datse a nuna wani ɓangare da aka ɗauka a wani gari. Idan ɓangaren yana da nauyinsa, yana ƙara wa hirar armashi. A na Obama an nuna Letterman da marigayi John Lewis, ɗan majalisar Amurka kuma ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, suna taka gadar Edmund Pettus a garin Selma, inda 'yan sanda suka fasa wa Lewis kai a tattakin 1965, kuma mutane da yawa sun fi tuna wannan tafiyar a kan zaman dandamalin. Amma idan ziyarar gida ce kawai, a leƙa kicin a yi raha, sai zaren maganar ya tsinke. Ana dawowa dandamali kuma sai ki tarar an shiga wani batu, ba ki san yadda na baya ya ƙare ba. Ku lura da wannan: sau da yawa wurin da aka datse shi ne wurin da editoci suka cire wani abu, fita wajen tana rufe ɗinkin ne.

Na uku, tazarar da ke tsakanin ɗauka da sakewa. Tsohon shirin da yamma ake ɗaukarsa a nuna shi a daren, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Wannan kuwa yana iya yin watanni a ajiye. Hirar Will Smith ta fito a Mayun 2022, alhali an ɗauke ta kafin ya mari Chris Rock a bikin Oscar na watan Maris. Sai da aka sa rubutu a farkon shirin ana sanar da hakan. Mai kallo ya zauna ya saurari awa guda, abu ɗaya da yake son ji babu shi.

Akwai kuma yadda Letterman ke yawan kawo zancen ɗansa Harry da batun zama uba. Wasu yana taɓa musu zuciya, ni dai ina ganin ya yi yawa.

Sani_Kamara:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan datsewa. Sai dai akwai abin da tsarin ya iya wanda shirin dare ba zai taɓa iyawa ba: barin shiru. A talabijin mai talla, shirun daƙiƙa uku asara ce, dole a cike shi da dariya ko ganga. A nan ana barin kyamara a fuskar baƙo har ya gama haɗiye abin da ya tokare shi. Ki duba hirar Kim Kardashian ta 2020, inda ta ba da labarin fashin da aka yi mata a Faris a 2016 tana kuka. Bai katse ta da barkwanci ba. Haka Kanye West a 2019 da yake bayanin lalurar ƙwaƙwalwarsa.

Kan wadda za ki fara da ita, ga shawarata. Ki fara da ta shugaban Yukren, Volodymyr Zelensky, wadda ta fito a Disambar 2022. An ɗauke ta a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Kiyef ana tsakiyar yaƙi da Rasha, jirage na wucewa, har jiniyar gargaɗin hari ta tashi suna cikin magana. Zelensky da yarensa yake amsawa, ana fassara wa Letterman ta na'urar kunne, don haka tambayoyin gajeru ne, babu sararin zagaye-zagaye. Kuma da yake Zelensky tsohon ɗan wasan barkwanci ne, jininsu ya haɗu.

Sai ta ɗan wasan barkwanci Dave Chappelle a 2020, a garinsu Yellow Springs da ke jihar Ohayo. A ciki ya yi maganar yadda ya musulunta yana ɗan shekara 17, har ya ba Letterman labarin rijiyar Zamzam. Wannan guntun ya yawata sosai a intanet.

Ta Shah Rukh Khan ta 2019 kuma, darajarta tana Mumbai, inda aka nuna cincirindon masoyansa a ƙofar gidansa ranar Sallah. Tambayoyin dandamalin an yi su ne don Ba'amurken da bai san shi ba, wanda ya daɗe yana kallon finafinansa ba zai ji sabon abu mai yawa ba.

Bintu_Z:
Na gode ƙwarai. To dole ne a bi su a jere, ko ana iya tsallake?

Malam_Habu:
Tsallake abinki, babu wadda ta dogara da wata. A zangon farko ma wata-wata aka riƙa sako su, daga zango na biyu ne a 2019 aka koma zubo su gaba ɗaya. Abu ɗaya dai, ki duba shekarar kowace kafin ki kunna, saboda matsalar da Hajiya ta ambata. Ki kuma kunna rubutun ƙasan allo, don gemun nan da Letterman ya tara bayan ritaya ya rufe masa baki, kuma yakan jefa barkwancinsa ƙasa-ƙasa daidai lokacin da 'yan kallo ke tafi.