Me ke sa a dawo da maƙala tun kafin tantancewa?

Ɗaliba: Malamai, don Allah me ke sa editan mujallar adabi ya dawo da maƙala tun ba ta kai hannun masu tantancewa ba?

Tsohon edita: Ɗaya daga cikin dalilan shi ne barin sunan marubuci a jikin maƙalar. Mujallu da yawa ba sa son mai tantancewa ya san marubuci. Ki cire sunanki daga shafin farko da wurin godiya, har da bayanan fayil ɗin Word, inda kwamfuta ke saka shi da kanta. Sunan ki tura shi a shafi daban.

Malamar harshe: Sai salon kawo madogara. In sun ce salon Chicago, kada ki kai na MLA. Haruffa masu ƙugiya kuma, ɓ, ɗ, ƙ, ki buga su da Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya, don tsohon font yakan rikiɗa su a kwamfutar edita.

Tsohon edita: Kuma kada ki aika wa mujallu 2 lokaci guda. In aka gane, duka biyun na iya ƙin ta.