Maganin gargajiya da bangaskiyar Kirista: abin da 'yan'uwa a Sakkwato suka tattauna

'Yan'uwa, ga abin da aka faɗa a taƙaice a kan ko ya dace Kirista ya yi amfani da maganin gargajiya.

1. Kusan kowa ya yarda cewa ganye da saiwa halittar Allah ne. An kawo 2 Sarakuna 20:7, inda Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun Hezekiya ya warke, da Ezekiyel 47:12, inda aka ce ganyayen itatuwa za su zama magani. Shan zogale, sabara ko bagaruwa ba zunubi ba ne.

2. Inda aka ja layi shi ne sharaɗin da ke tare da maganin. In an ce a yanka baƙin zakara, a yi duba, a kira iskoki ko a binne wani abu a mararraba, wannan tsafi ne, Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta hana.

3. An rabu a kan karɓar ganye zalla daga hannun boka. Wasu sun ce ganye ganye ne. Wasu sun ce hakan na sa raunana tuntuɓe, suka kawo 1 Korintiyawa 8. Ni ma na fi karkata nan, tunda ana samun ganyen a kasuwa.

4. Ma'aikatan lafiya sun dage sosai: jiƙo ba shi da tsayayyen ma'auni, yawansa na lalata ƙoda da hanta. Mai ciki ta guje shi. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya bar ƙwayoyinsa, kuma ya gaya wa likita abin da yake sha. Yaro mai zazzaɓi a fara yi masa gwajin maleriya kafin dogonyaro. Maganin kwalba kuma, a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.