Wace kalma za mu ba "include" a fayil ɗin saiti?

Masu fassara bayanan manhaja da masu koyar da rubuta kod da Hausa sukan yi karo da jimlar da mai bita ya rubuta a ƙarƙashin gyaran da wani ya aiko, su tarar kalmomin Turanci huɗu sun jeru a cikinta: patch, da style, da include, da path. Ina so mu ɗauki misali guda, wato gyaran da ya shafi yadda fayil ɗin saiti (fayil ɗin da manhaja take karantawa don sanin yadda ake so ta yi aiki) yake kiran wani fayil, mu ga ko za a iya rubuta bitarsa da Hausa ba tare da ma'ana ta zube ba.

Biyun farko ba su da wahala. Patch ta daɗe da shigowa Hausa a matsayin faci, kuma ma'anar da muka sani, ta ɗan abin da ake liƙawa a inda aka sami huji, ita ce asalin ma'anarta a harkar kwamfuta, domin a zamanin da ake adana umarni a kan takarda mai huji, da ɗan tef ake rufe hujin da aka yi bisa kuskure. Manhajar patch da Larry Wall ya fitar a 1985 tana karɓar jerin bambancin da diff, manhajar kwatanta fayiloli, ta fitar tsakanin tsohon fayil da sabo, ta ɗora shi a kan tsohon. Gyara ta yi faɗi da yawa, don haka faci ta fi. Style kuwa salo ce, babu abin jayayya.

Include ce take buƙatar natsuwa, kuma kafin mu zaɓi kalma ya kamata mu dubi abin da take yi. Idan manhaja tana karanta fayil ɗin saiti daga sama zuwa ƙasa, ta iso layin da aka rubuta include, sai ta dakata, ta buɗe fayil ɗin da aka ambata, ta karanta shi kamar a daidai wannan wurin aka rubuta abin da ke cikinsa, sannan ta dawo ta ci gaba. Git, manhajar da ke bin sawun canje-canjen kod, ta sami wannan damar a sigar 1.7.10 a shekarar 2012, OpenSSH kuma, manhajar ssh da ake shiga wata kwamfuta daga nesa da ita, a sigar 7.3 a 2016. Wurin da layin yake yana da tasiri ƙwarai. Idan aka saita abu ɗaya sau biyu, a saitin ssh darajar da aka fara samu ita ake ɗauka, a Git kuwa ta ƙarshe ce take rinjaye. Saboda haka wanda ya sa layin `Include config.d/*` a can ƙasan fayil ɗin ssh zai iya tarar da cewa saitin da ke sama ya riga ya cinye nasa, ko ma layin ya faɗa ƙarƙashin wani sashen Host, wato sashen saitin wata na'ura guda, ya zama ba ya aiki sai ga wannan na'urar kaɗai.

Kalmar da ta fi saurin zuwa baki ita ce haɗa, kuma ni ban goyi bayanta ba. Haɗawa ba ta nuna gaba da baya; idan an haɗa abu biyu, babu ruwan mai sauraro da wanne ya zo a tsakiyar wanne. Ga shi kuma muna buƙatar kalmar a wani wurin, wato inda Git take haɗe reshe biyu na aiki su koma ɗaya, kuma faci guda zai iya ɗaukar maganganun biyu a sakin layi ɗaya. Ƙunsa tana bayyana hali, alhali include umarni ne da ake zartarwa lokacin karatu: fayil na farko bai ƙunshi na biyu ba, sunansa kawai ya sani. Shigo da ta yi kusa, amma gara a bar ta ga import na harsunan rubuta kod irin su Python, inda ake shigo da sunaye, ba a zuba rubutu a gurbi ba. Saka kuwa za ta sa mai karatu ya ɗauka an kwafe rubutun an manna shi har abada.

Shawarata ita ce janyo. Wasalin o da ke ƙarshen aikatau irin wannan yana nuna motsi zuwa inda mai magana yake, kamar a kawo da ɗauko da turo, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake nufi: daga can zuwa nan, zuwa wannan layin. Mun riga muna amfani da ita a kan rubutu, domin idan mai jawabi ya janyo aya ko karin magana a tsakiyar bayaninsa, ya ɗauko ta ne daga inda take, ya karanta ta a daidai gurbin da yake buƙata, ita kuma tana nan a mazauninta ba ta gusa ba. Sai mu ce layin janyowa, da fayil mai janyowa, da fayil ɗin da aka janyo. Idan fayil ya janyo wanda shi ma ya janyo shi, an sami janyowa mai zagaye, wadda Git take katsewa idan zurfin ya wuce hawa 10. Abin da Git ta ƙara a sigar 2.13 a 2017, wato includeIf, sai ya zama janyowa bisa sharaɗi.

Path hanya ce, wato adireshin inda fayil yake a faifai, kuma wadda ta faro daga tushen faifai cikakkiyar hanya ce. Ɗayar, wadda ba ta faro daga tushe ba, bai kamata a kira ta gajeriyar hanya ba, tunda wannan sunan ya riga ya tafi ga alamar da ake dannawa a fuskar kwamfuta. Ina ganin hanya mai jingina ta dace, saboda tana tilasta tambayar da duk mai bita nagari yake yi: a kan me ta jingina? A Git da PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, tana jingina ne a kan foldar fayil ɗin da ya yi janyowar, a OpenSSH a kan ~/.ssh ko /etc/ssh, a Apache kuwa, manhajar da ke hidimar shafukan intanet, a kan ServerRoot, wato babbar foldar da aka saita mata.

Ga yadda bita za ta kasance da waɗannan kalmomi: "Facin nan ya canza abin da hanya mai jingina take jingina a kai yayin janyowa, amma a ciki an kuma mayar da tab zuwa sarari a layukan da ba su shafi batun ba. A raba shi biyu, gyaran salo daban, gyaran aiki daban. Akwai layi biyu da suka wuce harafi 80, sannan saƙon kuskuren bai ambaci fayil mai janyowa ba." Irin wannan tsokaci ba tsangwama ba ce. Kundin salon rubuta kod na Linux ya nemi tab, wato tazarar farkon layi, mai faɗin harafi 8, kuma akwai ƙaramar manhaja mai suna checkpatch.pl da ke duba irin waɗannan kafin mutum ya duba, saboda canjin sarari yana cika faci da layukan da suke ɓoye canjin da ya kamata ido ya tsaya a kai.

Kalmar da ke cikin fayil ɗin kanta ba za a taɓa ta ba, include za ta ci gaba da zama include, domin manhaja ce take karanta ta. Abin da ya rage mu daidaita shi ne rubutu, tunda wasu jawo suke cewa, wasu janyo. Na zaɓi janyo ne don jawo ta fi karkata ga ma'anar haddasawa, kamar a ce abu ya jawo matsala, kuma a cikin saƙon kuskure jimla irin "fayil ɗin ya jawo" za ta sa mai karatu ya tsaya jiran a faɗa masa abin da ya lalace.