Harshen da bai raba "shi" da "ita" ba nakasasshe ne?

Hedimasta: Assalamu alaikum. Na ji a Suwidin suna da wakilin suna, "hen", wanda ba ya nuna namiji ko mace, har ya shiga ƙamusunsu a 2015. Faransawa ma ƙamusun Le Robert ya saka musu "iel" a 2021. Ni dai a wurina harshen da bai raba "shi" da "ita" ba nakasasshe ne, kuma wannan fitina ce ta Turawa.

Arɗo: Ranka ya daɗe, ashe mun nakasa ba mu sani ba. A Fulatanci "o" muke cewa, ko Jauro ne ya zo ko matarsa. Tun kafin Bature ya san hanyar Gumel haka kakanninmu ke magana.

Malamar Hausa: Gaskiyar Arɗo ce, Yallaɓai. Yarabanci da Turkanci da Farisanci duk haka suke. Barebari ma "shi" ɗaya suke yi wa mace da namiji.

Direban Maigatari: Shi ya sa ran Alhamis a kara za ka ji Bafulatani ya ce "matata ya tafi tallan nono", a yi ta dariya!

Arɗo: Ku dai yi dariyarku. Ku da kuka mayar da kujera mace, me ta taɓa haifa?

Alaramma: A yi hankali. Larabci ya raba "huwa" da "hiya", har a jam'i ya raba "hum" da "hunna". Rabewar nan daraja ce.

Malamar Hausa: Allah gafarta Malam, to a nan Hausa ta gaza ke nan, don mu "su" da "ku" muke ce wa kowa. Kuma jinsin nahawu daban, na halitta daban. Rana mace ce a Hausa da Larabci, wata namiji, amma Bafaranshe ya juya su. Yawancin sunayen mata da "a" suke ƙarewa, sai ga gida, ruwa, nama da suna duk maza. A Bauchi ma sai ka ji "motan" da "rigan" a bakin Bahaushe ɗan asali, ba wanda ya ce ya bar addini. Mu nan idan aka yi haihuwa me muke tambaya? "Me aka samu?" In aka yi sallama a zaure, "wa ke nan?" Muna da hanyar kauce wa jinsi tun da can.

Hedimasta: Malama, waɗannan gado ne. Su Turawan zama suka yi suka ƙera kalma saboda wata aƙida tasu. A nan nake ja.

Malamar Hausa: To wannan wata muhawarar ce, Yallaɓai. Amma "nakasasshe" fa?

Hedimasta: Na janye wa Arɗo kaɗai. Yana bi na kuɗin rago.