"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar": har a rabon gado?

Bakatsine: Assalamu alaikum jama'a. Ranar sadakar arba'in ta mahaifinmu cacar baki ta kaure tsakanina da babban wanmu. Tun Baba yana kwance ya kwashe takardun gida, yanzu ya ce ba rabo sai Inna ta fita takaba, alhali ya zuba 'yan haya a shagunan ƙofar gida, kuɗin kuma sai aljihunsa. Na ce kotu za ta raba mu. Baffanmu ya riƙe ni ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Ku gaya mini, wa ake yi wa wannan maganar, wanda aka cuta ko wanda ya yi cutar?

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ai kullum mai haƙuri ake gaya wa, ɗan'uwa. Ka taɓa jin an tare mai ƙarfi da karin magana?

Ɗan Dala: Baffa ya leƙa asibitin ƙashi na Dala ya ga ko ba a yanke hannu.

Malamin Zaure: Allah ya shirye ka, Ɗan Dala. Bakatsine, gado ba a yi masa kara. Allah da kansa ya raba shi a Suratun Nisa'i: matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, kuma ba ita ke riƙe rabo ba, sai in akwai ciki. Amma hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3. Ka nemi haƙƙinka, ka kuma je ka gaishe shi.

Ɗan Dala: Da sammaci a aljihu kenan, Malam?

Jikar Iya: Ku bari in ba ku labarin kakata. Mahaifinsu ya rasu a shekarar fari, 1973, a wani ƙauye wajen Daura. Ba a yi sadakar bakwai ba wanta ya sayar da gonar gado, wai zai sayo hatsi, ya tafi Kano ya dawo da keke da rediyo. Iya ta rantse ƙafarta ba za ta ƙara taka gidansa ba. Ko a gidan suna suka haɗu sai ta ja mayafi ta kawar da kai. Dangi sun yi ta zarya, har mai gari ya sa baki, ta ce ta ji, amma ba ta je ba.

Da tsufa ya kama shi, ido ya tafi, 'ya'yan duk sun watse neman kuɗi, sai ta fara dama fura da hantsi tana ba mahaifiyata ta kai, ta ce kada ta kuskura ta ce daga ina. Kurɓar farko ya ajiye ludayi ya yi shiru. Citta da kanumfari da ɗan barkono, irin damun mahaifiyarsu. Bai ce uffan ba, sai da aka zo ɗaukar ƙwarya aka tarar da goro ɗaya a ciki. Haka aka yi ta yi, fura ta tafi, goro ya dawo, har ya koma ga Allah ba su yi magana baki da baki ba. Ta je zaman makoki, ta fi kowa kuka. Wata ta kawo mata wannan karin maganar a wurin, Iya ta ce, "Ni ban yanke ba, amma ban ƙara cin tuwo da shi ba."

Uwar Biyu: Allahu Akbar. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Ai wannan ta yafe.

Bakatsine: Yafiya ba magana? Kuma gonar fa?

Jikar Iya: Gona ta tafi. Gidan mai ne a wurin yanzu.

Na Zazzau: Ni ban ga sulhu a nan ba. An ce zumunta a ƙafa take, ita kuma ƙafar ce ta hana. Aike ta yi.

Ɗan Dala: Masu sulhu na gaskiya ai manyanmu ne. A yi ta zage-zage a rediyo shekara huɗu, uwar ɗaya ta rasu, sai ga ɗayan da jiniya da masu ɗaukar hoto ya zo ta'aziyya. Kafin sadakar bakwai ya sauya sheƙa.

Na Zazzau: Su hannunsu ba ya ruɓewa ai, kullum yana cikin baitulmali.

Abu Sumayya: Ni tun farko arba'in ɗin ce ma ban ga dalilinta ba.

Uwar Biyu: Don Allah kada ka fara, yau ba ranar wannan ba ce.

Malamin Zaure: A koma kan magana. A nawa ganin Baffa tsoron kotu yake, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In 'yan'uwa suka tsaya gaban alƙali, 'ya'yansu ma sun gaji gabar. Ku fara zama da dattawa da malamin da ya san rabon gado, a rubuta komai, har kuɗin hayar da aka karɓa.

Ɗan Dala: Jikar Iya, tambaya ɗaya. Shanu sun ƙare a farin nan, ina Iya ta samo nono?

Jikar Iya: Ka karanta da kyau mana, furar sai bayan shekaru. Kuma ranar da ba nono farau-farau take kai masa, goron dai bai fasa zuwa ba.

Na Zazzau: Goro fari ko ja? Don a wajenmu da bambanci.